Tsaga Uku a Kan Makulli

To jikata, gyara zama ki rubuta. Yadda na faɗa haka za ki sa, ban da kwalliya. Labarin Kurma zan ba ki, mai yankan makulli, wanda muka yi shekara talatin da ɗaya a rumfa ɗaya da shi, ni ina gyaran takalmi, shi yana nasa aikin.

Ba kurma ba ne na gaske. Ƙarar injinsa ce ta ɗan taɓa masa kunne, ga shi kuma mutum ne da magana take yi wa tsada. Ni na laƙaba masa sunan, shi kuma ya rama, ya sa mini Rediyo, wai ni ko batir ya ƙare ba na yin shiru. In na iso da safe sai in ce, "Kurma, an tashi lafiya, ko sai na buga maka ganga?" Ya ce, "Rediyo, a rage murya, lokacin labarai bai yi ba." Wata ran iyakar hirarmu ke nan har mu tashi, kuma ta ishe mu.

Rumfar tamu kwano huɗu ce a kan ƙarafa, jingine da bangon wani shagon magani, a bakin layin da ya shiga kasuwa. Benci ɗaya muke zama, ni a hagu da akwatina da basilla da gwangwanin gam, shi a dama da teburinsa. A kan teburin ga injin, ga allo mai ƙusoshi inda ya rataye makullan da ba a fitar wa haƙora ba, ga magagari guda uku, ga ɗan buroshin da yake share garin ƙarfe. Matarsa ta rasu tun suna da sauran ƙuruciya, haihuwa biyu ba wanda ya zauna, bai kuma ƙara aure ba. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan gidan wani mutum. Na san yana da ƙanwa a wani gari mai nisa, iyakar abin da na sani game da danginsa ke nan.

Akwai abu biyu a aikinsa da ya kamata ki gane. In ya gama yanka makulli, sai ya ɗauki ƙaramin magagari ya yi tsaga uku a gefen kan makullin, ƙanana, sai kin shafa da yatsa za ki ji. Dalilinsa, in mutum ya dawo ya ce makulli ya ƙi buɗewa, yana shafawa ya san aikinsa ne, sai ya gyara kyauta. In ba nasa ba ne, ya ce a koma inda aka yi. Sannan shi ba ya kallon fuskar mutum. Hannu zai miƙa, a sa masa makulli, ya ɗaga shi sama ya duba haƙoransa. Makulli kam in ya wuce ta hannunsa sau ɗaya, ko bayan shekara goma zai gane shi. Amma mai makullin, ko jiya ya zo, sai ya tambaye ni, "Wane ne wancan?" Sai dai mutanen layinmu, su ma da makullansu ya san su.

Wata Talata da hantsi 'yan sanda uku suka tsaya a gaban rumfa. An kwashe siton wani mai sayar da kayan gini, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba, an bar makulli a jikin kwaɗon. Babban cikinsu ya miƙa wa Kurma makullin ya ce, "Baba, ka san wannan?"

Ina ta ƙifta masa ido, amma ina, shi makulli yake kallo. Ya shafa, ya ɗaga sama, ya ce, "Aikina ne. Zai kai wata biyu. Na asalin ya cinye a haƙori na uku, sai da na ƙara masa tsayi kaɗan."

"Wa ya kawo maka?"

"Ban sani ba."

"Ka tuna haƙori na uku, ka manta mutum sukutum?"

Ya ce, "Haka ne."

Suka kalli juna suka yi dariya. Suka ce tsaga ukun nan alamar ƙungiyarsu ce, da ita ɓarayin suke gane juna. Suka sa masa ankwa. Abin da ya ce mini kawai, "Rediyo, rufe injin, kada ƙura ta shiga." Na rufe shi da buhu.

Daga ranar abu ɗaya nake so a duniya, in dawo da shi kan bencin nan. Mutum ne da ya ba sittin baya, ga tari da yake fama da shi duk damina. Na san in ya daɗe a ciki, gawarsa za a miƙo.

Na je ofishin 'yan sanda, na kan tebur ya ce, "Kai wane ne nasa?" Na ce maƙwabcinsa ne a rumfa. Ya ce, "Ba ɗan'uwa, ba ɗa?" Na ce babu. Ya ce to in je in nemo lauya, don gobe za a kai shi kotu, daga can sai gidan yari. Haka kuwa aka yi. Na bi shi gidan yarin da ƙafa, don mota ba ta kaiwa bakin ƙofa. Hanya ce ta jar ƙasa da tsakuwa, doguwa, ba inuwa. Da na dawo sai da na zauna na ƙwaƙule jar ƙasar daga ɗinkin takalmina da basilla.

Ni ban taɓa ɗaukar lauya ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ranar da na fara zuwa bakin kotu, kafin in gama sallama mutum huɗu sun kewaye ni. Wannan ya ce nasa lauyan tare suke cin abinci da alƙali. Wancan ya ce nasa ko kisan kai ka yi, Juma'a kana gida. Wani har da riƙe mini hannun riga. Na ce musu fitsari nake ji, na sulale.

Na kwana ina tunani. Ni ban san doka ba, ban san takarda ba, abu ɗaya na sani, takalmi. Baki yana ƙarya, riga tana ƙarya, amma dunduniyar takalmi ba ta iya ba. Washegari na ɗauki akwatina na je na zauna a gindin bangon kotu kamar mai neman ciniki. Kwana uku ina goge takalman lauyoyi. Wasu in ka juya tafin kamar yau aka fito da shi daga shago, daga mota sai ofis, daga ofis sai mota. Na ce a raina, wannan bai taɓa zuwa ya dubi wanda yake karewa ba. Masu ƙyalli da yawa, ba wanda na ga jar ƙasa a ɗinkinsa.

A rana ta uku wata mata ta zo tana ɗingishi, baƙar rigar lauyoyi a hannu, takardu a hammata. Ba za ta wuce sa'ar babbar gwaggonki ba. Ta cire takalmi ta ce, "Baba, taimaka mini, minti goma ya rage a kira ni." Dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya har ƙusa ta fito. Na juya shi, sai ga jar ƙasa cike da ɗinkin, tsohuwa da sabuwa.

Na ce, "'Yata, sau nawa kike zuwa gidan yari?"

Ta dube ni ta ce, "Baba, duba kake yi ko gyaran takalmi?"

Na ce, "Takalminki ne ya tona miki asiri."

Ta yi dariya ta ce Litinin da Alhamis. Ina buga ƙusa ina ba ta labarin Kurma. Da ta fito daga kotu ta zo ta zauna a kan akwatina ta ji sauran. Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin zan fito da shi ba. Duk wanda ya sa maka rana, ka riƙe aljihunka. Abin da zan yi, zan je in gan shi, zan karanta abin da suka rubuta a kansa, kuma duk ranar da aka kira shi zan tsaya." Maganar ladanta mun yi ta a nan, mun gama lafiya, ba ita ce labarin ba.

Ranar Alhamis muka tafi tare. Aka fito da Kurma wani ɗaki mai tebur da taga ɗaya can sama. Har ya fara ramewa. Na ce, "Kurma, ka yi ƙiba, abincin gwamnati ya karɓe ka." Ya ce, "Har nan ma tashar tana kamawa?"

Lauya ta ce masa, "Baba, abin da ka faɗa mini a nan ba mai jin sa. Amma a kotu, in aka nuna maka makulli, ka yi shiru, ni zan yi magana. Su ya kamata su kawo hujjar cewa hannunka ne ya yi shi. Tsaga uku kowa zai iya yi."

Ya ce, "Ba kowa ba. Tawa ta tsakiyar ta fi zurfi."

Ta dafe kai. "To wannan ma kada ka faɗa."

"In aka tambaye ni aikina ne, in yi shiru?"

"Ƙwarai."

"'Yata, ai shirun ƙarya ne. Ban yi sata ba, amma makullin ni na yanka."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ni ma na sa baki har mai gadi ya leƙo. Kurma ya ce shi bai taɓa gudun aikin hannunsa ba, mai kyau ko maras kyau, ba kuma zai fara da furfura ba. A hanyar dawowa lauya ta ce mini, "Abokin nan naka, dutse ya fi shi jin magana." Na ce shekara talatin nake faɗa.

Ta nemi beli, alƙali ya yarda, amma sai an kawo mai gidan kansa ya tsaya masa. Ni a lokacin haya muke. Na ce wannan mai sauƙi ne, layinmu kaf ba ƙofar da Kurma bai yi wa makulli ba. Na fara da mai shagon maganin da muke jingine da bangonsa, ya ce takardun gidansa suna wurin yayansa. Na je wurin tela, ya ce shi kotu ko a mafarki ba ya son ta. Mai gidan da Kurma yake haya ya ce in zo in kwashe kayansa ma, yana son ɗakin. Na kwashe, buhu biyu ne da katifa.

Abin da ya fi ci mini rai, ina zaune a rumfa ni kaɗai sai in riƙa jin bugun guduma nan da can. Ashe kwaɗuna ake canzawa. Mai sayar da kwaɗo a bakin kasuwa bai taɓa ciniki irin na watan nan ba. Na tare tela na ce, "Haba, kai ma?" Ya ce, "Rediyo, ba zarginsa nake ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka shafa wa naka ruwa." Na ce, "Gemun naka Kurma ne ya cinna masa?" Ya shige shago.

Wata huɗu aka yi ana ɗage shari'a. Duk Alhamis ina kan hanyar jar ƙasa da burodi da maganin tari. In ya tambaye ni mutanen layi, sai in ce duk suna gaishe shi. Gefensa na bencin har ƙura ta kwanta, sai in share da hulata. Na kama kaina sau da yawa ina magana, in juya, ba kowa.

Wata rana lauya ta zo har rumfa. Ta ce, "Tunda ya ƙi yin shiru, to mu bar shi ya faɗi gaskiyarsa. Amma sai mun nuna wa alƙali tsagar nan ba ta ɓarayi ba ce, tana jikin makullin kowa tun shekara da shekaru. Samo mini mutum biyar su zo kotu da makullansu."

Na zaga, ko ɗaya ban samu ba. Ina tsaye a shagon tela ina yi masa magiya, sai na hango tsohon makullinsa a cikin gwangwanin maɓallai. Na ce, "To ba sai ka je ba. Wannan da ka daina amfani da shi, ba ni." Kafin in rufe baki ya miƙo mini. Na ga hanya ta samu. Na ɗauki tsohon gwangwanin fenti na shiga gida gida. Ba shaida nake nema ba, tsohon makulli nake so. Ki ga yadda mutane suke saurin bayarwa, har da godiya, kamar na zo kwashe musu shara. Ranar Asabar lauya ta bi ni, tana ɗaura wa kowane makulli 'yar takarda da zare, ta rubuta na wane ne da shekarar da aka yanka. Kafin sati biyu gwangwani ya cika har murfi ya ƙi rufuwa.

Ranar da aka saurare shi, Kurma ya tsaya yana dafe da katako saboda tari. Mai gabatar da ƙara ya nuna masa makulli, ya ce aikinsa ne. Lauya ta tashi ta tambaye shi dalilin tsagar, ya faɗa, a taƙaice kamar kullum. Sai aka kira ni, na rantse, na juye gwangwanin a kan teburin magatakarda. Ƙarar sai da ta sa na bayan kotu suka miƙe. Lauya ta ɗauki guda, ta rufe takardar da hannu, ta miƙa wa Kurma. Ya ɗaga sama ya ce, "Na ƙofar bayan shagon magani ne, shekara tara." Ta buɗe, haka ne. Ta ɗauki wani, ya ce na tela. Sai da ta yi goma sha biyu bai kuskure ba, alƙali ya ce ya isa. Ta ce, "Ya mai shari'a, in tsagar nan ta ɓarayi ce, to unguwa guda za a kamo."

A nan na ga abin da ban gani ba tun da aka kama shi, fuskarsa ta saki. Da za a mayar da shi ya matso kusa da ni ya ce, "Rediyo, duk su suka bayar?" Na ce duk. Ya ce, "Allah sarki. To da me suke buɗe ƙofa yanzu?" Na ce ai kowa yana da na biyu. Ya ce, "A yi sauri a mayar musu."

Bayan sati uku alƙali ya sallame shi. Ya ce yanka makulli ba sata ba ne, kuma ba a kawo abin da ya haɗa shi da masu satar ba. Wata bakwai ke nan cif. Wanda ya kwashe siton, har yau ban sani ba. An yi ta faɗe faɗe, amma abin da ban gani ba ba zan sa ki rubuta ba.

Magatakarda ya dawo mana da gwangwaninmu. Lauya ta raka mu bakin titi, ta ce, "Baba, daga yau ka riƙa ɗaga kai kana kallon mutane." Ya ce zai gwada. Ta tafi, wani yana jiran ta a ciki.

Muka sauka daga mota a bakin layi, rana tsaka. Na ce ya kawo gwangwanin in riƙe, ya ce a'a, shi zai miƙa wa kowa nasa da hannunsa, ya yi godiya. Tun a mota nake neman yadda zan faɗa masa an canza kwaɗuna, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya ƙi buɗuwa.

Ban ma sha wahalar faɗa ba. Mutane suna ta fitowa, "Barka da arziki, Baba, barka," shi kuwa ƙofofi yake kallo. Ya tsaya a ƙofar tela, ya dubi kwaɗon da yake rataye a jikin sakata, sabo fil. Ya matsa gaba, ya dubi na mai wanki. Ya dubi na mai aski. Bai tsallake ƙofa ko ɗaya ba, dama da hagu, tafiyar minti uku sai da muka yi ta kusan rabin awa. Tela ya biyo mu yana cewa, "Wallahi kullum kana bakinmu." Kurma ya ce, "Na gode."

Da muka iso rumfa ya zauna a gefensa, ya ajiye gwangwanin tsakanin ƙafafunsa. Na ce, "In cire buhun? Na sa wa injin mai." Ya ce in bari. Ya sa hannu cikin makullan yana juyawa a hankali, can ya zaro ɗaya. Ba takarda a jikinsa. Ya shafa, bai ma ɗaga shi sama ba, ya miƙo mini.

"Wannan naka ne."

Nawa ne, na ƙofar gidanmu. Ubanki ne ya canza kwaɗon a wata na biyu, ya ce hankalin iyali ya ƙi kwanciya. Na yi faɗa kwana ɗaya, washegari na karɓi sabon makulli na sa a aljihu. Tsohon kuma na jefa shi cikin gwangwani don ya ƙara yawa, na hana lauya ta ɗaura masa takarda. Ki rubuta haka, kada ki gyara wa ubanki, kada ki gyara mini.

Na fara cewa, "Kurma, ka ga yaran yanzu..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Rediyo, a kashe haka nan." Ba da faɗa ba. Na yi shiru.

Kwana tara ya yi yana kwana a shagon wani mai gyaran keke, da safe ya zo ya zauna a benci. Bai cire buhun ba, ba kuma wanda ya kawo makulli. Ashe tun yana ciki ya sa lauya ta rubuta wa ƙanwarsa. A rana ta goma ɗanta ya zo da mota, muka ɗora katifa da buhu biyu da injin. Na ce, "In ka huta ka dawo, zan riƙe maka wurin." Ya ce, "To." Ya shiga gaba, yaron ya ja.

Na riƙe wurin shekara guda, daga baya mai shagon magani ya ba wani mai gyaran waya. Rasuwar Kurma ma sai da aka yi sati uku na ji, daga bakin lauya, ranar da ta kawo mini takalmi. Allah ya jiƙansa. Ajiye alƙalamin, ki miƙo mini ruwa.